Ramin da Malam Ya Goge a Allo

Akwai wani malamin nazarin ƙasa a wata sakandare da ke bakin teku. Ya iya koyarwa, ba laifi, sai dai aibinsa ɗaya: gara a cire masa haƙori da ya ce "ban sani ba" a gaban ɗalibai.

Wata rana aka kawo wa makarantar alƙaluman wata mahaukaciyar guguwa da ta taɓa ratsa garin, don yara su koyi yadda za su tsira idan ta sake zuwa. Malam ya sa aka zana ƙarfin iskar a allo. Layin ya yi ta hawa, sai ya faɗo ƙasa a tsakiya kamar rami, sannan ya sake miƙewa sama.

Wata ɗaliba da 'yan ajin ke kira 'Yar Tambaya ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa iskar ta tsaya, kuma ta dawo?"

Ramin nan shi ne tsakiyar guguwa, inda iska kan yi tsit na ɗan lokaci kafin ta juyo ta ɗaya ɓangaren. Malam bai karanta wannan ba, kuma girman kai ya hana shi faɗi.

"Na'urar ce ta samu matsala," in ji shi. "Iska in ta kwanta, guguwa ta wuce. Ke kam, da ana sayar da tambaya da kin yi mota."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya sa tsumma ya goge ramin, ya haɗe layin sumul.

Ba a rufa shekara ba guguwa ta dawo. 'Yar Tambaya da mahaifiyarta suka maƙale a ƙuryar ɗaki, ruwa na bin bango. Can sai iska ta ɗauke, har rana ta leƙo. Yarinyar ta zura takalmi za ta duba kakarta da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi.

Uwar ta ce, "Dakata, 'yar nan. Shirun nan bai kwanta mini ba."

"Mama, an koya mana. Ta wuce."

Ba ta kai rabin hanya ba iska ta juyo. Kwanon rufin wani shago ya same ta, ko shurawa ba ta yi ba.

Da Malam ya je gaisuwa, uwar ta tarbe shi da idanu a kumbure.

"Mun gode, Malam. Ba ta da zance sai naka. Ko da za ta fita, da maganarka ta kwantar mini da hankali."

Ba da zargi ta faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ranar da aka koma makaranta, Malam ya zana layin da raminsa. Ya juyo ya ce, "Akwai mai tambaya?" Idonsa na kan bencinta. Babu wanda ya ɗaga hannu.

Darasin shi ne, duk wanda aka ba amanar koyarwa kada ya gyara gaskiya don ya rufe jahilcinsa. Cewa "ban sani ba, bari mu bincika" ba ya rage wa malami daraja. Yaro yakan ɗauki maganar malaminsa ya fita da ita ƙofa, wani lokaci kuma ransa ne a kai.