Layin da Mushe Luƙman Ya Soke

Akwai wani malamin fizik a wata lise, wato babbar sakandare, ta Dogon Dutsi, Mushe Luƙman (haka ake kiran malamin boko a can), wanda shekara ashirin ɗalibi bai taɓa yaudarar sa ba. Sirrin kuwa, kowa yake zargi.

Ran nan ya ba 'yan ajin ƙarshe aiki: su lissafa da dokar Newton yadda Merkir, duniyar da ta fi kusa da rana, ke kewaya ta. Nadège, ɗiyar Sila mai gyaran rediyo, ta kawo amsar daidai, sannan ta ƙara layi ɗaya a ƙasa.

"Wagga jela, daga wace waya kika kwaso ta?" in ji Mushe.

"Ba ni da waya, Mushe."

"Duk mai waya haka yake cewa."

Ya dangwara mata sifiri, ya kai ta gaban shugaban makaranta. In satar amsa ta tabbata, kora ce, ga jarrabawar bak ta gama sakandare saura wata uku.

Nadège ta ce, "Lissafin Newton ba ƙarya ba ne, kusa da rana ne yake ɗan gazawa. Ba a yar da shi. Faci ake yi masa, ƙari kan ƙari, har ya kusanci na Einstein. Wannan facin farko ne."

"Wa ya koya miki?" in ji shugaban.

"Inna Shatu ta naɗe mini ƙosai da shafin wani tsohon littafin jami'a. Na roƙe ta sauran."

Mushe ya yi murmushi. "Yanzu kuma mai ƙosai ce farfesa."

Ta ciro littafin, duk ya sha mai. Shugaban ya buɗe. Ga layin nan dai, an soke shi da jan biro, an rubuta a gefe: "Farfesa ya ƙara wannan don ya gwada mu. Ban yarda ba."

Shugaban ya juya bangon littafin, ya karanta sunan mai littafin a bayyane, har sau biyu, ko da yake mai sunan na zaune kusa da shi.

Mushe ya goge sifirin. Ya ce zai binciki wanda ya fitar da littafin daga gidansa.

Darasi: Abin da ya wuce saninka ba lalle ne sata ba. Kafin ka soke layin wani, tambaye shi, wataƙila facin da ilminka ke bukata ne. Ku tura wa 'yan'uwa su ƙaru. Mushe Luƙman ma ya karanta, ya riga ya tambayi wa ya ba ni labarin.