Nomau Masaƙi da Karen Amana

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wani bawan Allah masaƙi ana ce masa Nomau. Ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya. Ba shi da komai sai masaƙarsa da yawan son sani. Ko tururuwa ya gani ta ɗauko hatsi, sai ya tsaya ya ga inda za ta kai shi.

Ran nan maƙwabcinsa Jatau maharbi ya tashi tafiya Hajji a ƙasa. Ya jawo karen farautarsa mai suna Duna, ya ce, "Malam Nomau, ga amana. Ka riƙe mini shi har Allah Ya dawo da ni."

Ku saurara, jama'a. Kare mai kamo zomo a guje, a rasa wanda za a ba wa sai gurgu! Nomau ya ce, "Na karɓa."

Ba a yi mako ba gari ya ɗauka. Duna ya tone albasar mutane, ya tsinka zaren saƙa, ya kashe kajin wata tsohuwa, Iya Kande, har biyu. Aka ce a ɗaure shi. Aka ɗaure, ya cinye igiyar. Aka ce ai yunwa ce, a ƙara masa tuwo. Aka ƙara, ƙarfi ya ƙaru, ɓarna ta ƙaru. Mai gari ya kira Nomau ya ce, "Kwana bakwai na ba ka. In ya sake taɓa kayan wani, kashe shi za a yi."

Hankalin Nomau ya tashi ƙwarai. Da wane ido zai dubi Jatau? Maimakon ya ɗauko bulala, sai ya ajiye saƙa ya zauna yana kallon karen. Ya ga abin mamaki: kazar da ke kwance Duna ko kallonta ba ya yi, sai wadda ta ruga. Kuma kajin da ya kashe, ko ɗaya bai ci ba.

Nomau ya ce, "Af! Ashe ba nama kake so ba, gudun kake so."

To, yaya gurgu zai sa kare gudu? Sai ya tufka majajjawa irin ta korar tsuntsaye, ya cika aljihu da goruba, ya dogara sanda zuwa bayan gari. Ya wurga, Duna ya cilla ya ɗauko. Ya wurga, ya ɗauko. In rana ta yi zafi sai ya jefa cikin tafki, karen ya yi iyo. Wani lokaci ya ɓoye tsohuwar fatar zomo a cikin sabara, ya bar shi ya yi ta shinshina har ya gano. Safe da yamma, safe da yamma. Kafaɗarsa ta kumbura, masu wucewa suna dariya, suna cewa, "Malam Nomau, da furfurarka kake wasa da kare?" Ya ce, "Ku dai bari."

Rana ta bakwai mai gari ya zo, Iya Kande na biye da taɓarya a hannu. Suka tarar da Duna ya miƙe a gindin masaƙa yana barci, kaji na kiwo a bakin hancinsa.

Iya Kande ta riƙe haɓa ta ce, "Nomau, tsakaninka da Allah, wane magani ka ba shi?"

Ya ce, "Iya, ban ba shi komai ba. Gajiya ce kawai. Maigidansa ya tafi da aikinsa, ni kuma na nemo masa wani."

Ta daɗe tana kallon kumburarriyar kafaɗarsa. Sai ta ce, "Kawo majajjawar nan, gobe ni zan wurga."

Jama'a, riƙon amana ba ciyarwa da ɗaurewa ba ne kaɗai. Sai ka san abin da wanda aka ba ka yake bukata. Yau a gidajenku akwai yaran da kuka sa wa suna gagararru, kullum duka, kullum zagi. Wa ya taɓa zama ya dube su da kyau? Ƙarfin da Allah Ya ba su ba laifi ba ne, wurin zuba shi suka rasa. Kafin ka ɗaga bulala, ka zauna ka duba. Allah Ya sa mu fita haƙƙin abin da aka ba mu riƙo.