Ledar Kifin da Farfesa Ya Juye

Akwai wata baiwar Allah, ana ce mata Maman 'Yan Biyu, wadda aka fara zalunta ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, bayan la'asar.

Mijinta ya rasu ya bar mata tankin gilashi a falo, da kifin ado iri biyu a ciki: neon da kadinal. Ga wanda bai san su ba, dukansu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma kowanne yana da shuɗin zane mai ƙyalli a gefe. Bambancin yana wajen ja. Na neon daga tsakiyar ciki yake farawa zuwa wutsiya, na kadinal kuwa tun daga kai har wutsiya.

Ta riƙe tankin yadda marigayi ya koya mata: abinci ɗan kaɗan, canjin ruwa duk mako, kuma ba a taɓa canza shi gaba ɗaya.

Ƙanin mijinta mai aski ne. Ana ce masa Farfesa, don ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. Yana da nasa tankin a shago, kusa da madubi, cike da neon zalla. A zauren waya na masu kiwon kifin ado kullum karatunsa ɗaya ne: neon ƙarfe ne, kadinal kuwa ɗan gata, harara ma kashe shi take.

Ranar Talatar ya shigo mata da leda cike da sababbin neon.

"Anti, na kawo miki mazaje. Ragwayen kadinal ɗinki su ga yadda ake rayuwa."

Ta ce, "Farfesa, yayanka ba ya zuba sabon kifi kai tsaye. Sai ya keɓe shi a ƙaramin tanki ya ga lafiyarsa tukuna."

"Yaya, Allah ya jiƙansa, tsoro ya yi masa yawa. Neon ko a kwalbar lemo kika sa shi, ƙiba zai yi."

Ta shiga kicin kawo masa ruwan sha. Kafin ta fito ya juye rabin ledar a tankin, kifi da ruwan duka. Sauran ya ƙulle ya tafi da su shagonsa.

Ba a daɗe ba tsofaffin neon ɗin marigayi suka fara koɗewa. Jan ya koma fari-fari, baya ya lanƙwashe, mai ciwo ya ware daga 'yan uwansa ya raɓe a kusurwa. Kullum da safe sai ta sa 'yar raga ta tsame gawa. Haka ta yi ta yi har neon suka ƙare. Kadinal suna nan suna yawonsu.

Farfesa ya zo ya ɗauki hoton tankin ya saka a zaure, ya rubuta a ƙasa: "Wanda ya iya kashe neon, ko kifin roba kada a ba shi riƙo. Amanar Yaya ke nan a hannun mace."

Ta roƙe shi ya goge. Ya aiko mata hoton fuska mai dariya. Magana ta kai kunnen surukarta, tsohuwa ta kira ta tana kuka: "In ba za ki iya ba, a kai wa ƙaninsa tankin." Aka sa ƙarshen wata za a zo a ɗauka.

A nan zan tsaya in gyara karatun, don na yi shekaru ina cin gyaran yara a aji, ba zan ƙyale na babba ba. Gaskiya ne neon ya fi jure sabon tanki da ruwa mai ɗan sanyi. Kadinal yana da wuyar sabo a farko, amma in ya zauna ya fi son ɗumi, kuma masu kiwo da dama sun shaida cewa wannan cuta ta koɗewa ta fi cin neon. Kowanne da inda ƙarfinsa yake, kuma babu wanda ƙarfinsa ya kai a zuba masa mara lafiya a ɗaki.

Maman 'Yan Biyu dai ta koma kan tankinta. Ta ci gaba da canza ruwanta.

Ranar wata Asabar shagon aski ya cika, kuma da yawa daga masu jiran layi 'yan zauren ne. Wani mai sayar da kifin ado yana kan kujera, an aske masa rabin kai, sai idonsa ya kai kan tankin ta madubi. Ya kama hannun Farfesa.

"Tsaya, maigida. Me ya sami kifinka?"

"Hutawa suke."

"Da ciki a sama? Ba waɗanda ka karɓa a wurina ba ne? Na ce maka ban yarda da lafiyarsu ba, ka keɓe su, ka ce mini neon ba ya ciwo. Ina sauran rabin da ka ce za ka kai wa matar yayanka?"

Wani dattijo a benci ya ce, "Ashe kifin roba kai ya kamata a saya wa." Dariya ta ɓarke har waje. Mutum biyu suka tashi ba aski.

Kafin mako ya zagayo tankinsa ya zama ruwa da duwatsu. Labari ya isa ga tsohuwa, ta ce duk wanda ya taɓa tankin ɗanta a gidan matarsa, ba ta yafe ba.

Sai ga Farfesa a ƙofar falo, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, ki taimaka mini da kadinal ko kaɗan ne. Shago ya yi fayau, mutane sai tsokana."

"Ragwayen?"

"Haba Anti, ai wasa ne tsakanin ƙanin miji da matar wa."

Ta ce, "Wasan a gaban mutane ka yi shi. Haƙurin ne za ka kawo mini a lungu? Ka koma inda ka zage ni. Ja mini ƙofar in ka fita, ina ba su abinci."

Har yau da nake wannan rubutu, hoton yana nan a zaure bai goge ba.

Darasi: Kada taƙama da ƙarfin abu ta sa ka yi sakaci da shi, kuma kada ka ɗora ɓarnarka a wuyan wanda ka ga ba shi da mai tsaya masa. Ku tura wa kowa har ya isa wayar mai askin nan. Farfesa, na san kana karantawa. Ka goge hoton, ka rubuta a zauren da hannunka cewa kai ka kai cutar, ka roƙi gafarar matar yayanka a gaban duk wanda ya yi mata dariya. Ba a ɓoye ba, kuma ba ta bakin ɗan aike ba.