Lallen da Kuluwa ta yi wa Rana

Dalilin da ya sa Rana ba ta yarda a kalli fuskarta, yara, wata mai ƙunshi ce ta jawo, sunanta Kuluwa.

A can da, Rana fara ce tas, kuma sai ka zuba mata ido ba abin da zai same ka. Kullum da la'asar takan sauko gidan Kuluwa su sha hira. Da wannan ƙawance Kuluwa ke taƙama. Ko gishiri ta je ara, sai ta ce Rana na jiran ta.

Wata rana sai Rana ta tarar ana cire wa wata amarya lalle, hannu ya yi ja zur.

"Kuluwa, ni ba za ki yi mini ba?"

"Haba ƙawata! Naki sai ya fi na kowa."

Ta kwaɓa lalle da ruwa, ta ɗauko zunguru, dogon ƙoƙon nan da ake zura hannu a ciki. Maƙwabciyarta Dela ta leƙo ta katanga.

"Yaya Kuluwa, hannun nan fa wuta ne. Ki bar masa wurin shan iska."

"Ke za ki koya mini? Haka kakata ke yi."

Ta zura hannun Rana, ta toshe bakin zunguru da tsumma tam, yadda ake yi wa kowace mace. Ba a jima ba zunguru ya fara huci. Rana ta ce tana jin yana tafasa. Kuluwa ta ce ai kamu ne yake yi.

Sai fau! Zunguru ya tarwatse. Lalle ya wanke wa Rana fuska, ya fantsama har gefen sama. Kaji suka watse. Dela ta dafe ƙirji tana salati. Kuluwa kuwa ta daskare, baki buɗe, don ta fi kowa sanin lallenta ba ya fita.

Rana ta leƙa randa, ta ga kanta. Kunya ta rufe ta. Ta haye sama, tana zuba haske mai kashe ido don kada kowa ya gani.

Kuluwa ta yi kuka har ta gode Allah. Kullum la'asar sai ta shimfiɗa tabarma. Rana ba ta sake saukowa ba.

Shi ya sa har yau, in kun ɗaga ido da tsakar rana sai hawaye. Sai da yamma, in Rana ta gaji da ɓoyo, kuke ganin jan lallen Kuluwa a fuskarta.