Turaren da Hafsatu Ta Bari

Ja'afaru mutum ne mai sanyin hali, amma idan ya kafe a kan abu, ba ya jin kira. Yana zaune a Nassarawa GRA da 'yarsa Najla da mahaifiyarsa Hajiya Luba, wadda ta dawo wurinsu tun rasuwar matarsa Hafsatu.

Hafsatu ta bar kwalaben turaren wuta da ta haɗa da hannunta. Kullum bayan la'asar Ja'afaru zai zuba garwashi a kaskonta, ya barbaɗa turaren, ya rufe tagogi, ya saki labule don kada ƙamshin ya gudu. Sai ya zauna cikin hayaƙin, kamar mai jiran ta fito daga ɗaki.

Najla kuwa tana da asma. Da hayaƙi ya tashi sai tari ya sarƙe ta, ƙirjinta ya riƙa fito.

Maƙwabciyarsu Salomi ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin masu zagaya unguwanni suna wayar da kan jama'a a kan ciwon. Wata rana ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da hannu.

"Baban Najla, nan ai ko sauro sai ya nemi hanya! Hayaƙin turare da na janareta da maganin sauro duk suna tayar mata da ciwon. Don Allah ka buɗe taga."

"Sista, sanyi ne kawai," ya ce. "Uwarta ma da turaren nan ta raine ta."

Hajiya Luba ta ce, "A tsakar gida take turara kayanta, ɗan nan. Ba ta taɓa kulle yarinya da hayaƙi ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar da Hafsatu ta cika shekara da rasuwa, ya ƙara turaren fiye da kullum. Najla ta shigo da gudu za ta nuna masa lallen da kakarta ta sa mata. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya danna mata maganin asmarta na shaƙa, ta kasa ja. Salatin Hajiya ne ya kawo Salomi, ta sungumi yarinyar zuwa waje tana cewa, "Tayar da mota!"

A asibiti aka sa mata iska. Ja'afaru ya durƙusa a gefen gado, babu abin da yake iya faɗa sai sunan Allah. Can Najla ta buɗe ido.

"Abba," ta ce a hankali, "ƙamshin Umma yana shaƙe ni. Na ga kana so ne, shi ya sa ban faɗa ba."

Kafin a sallame ta, ya cire labulaye ya kai wanki, ya fitar da kafet, ya wanke kaskon ya kife. Kwalaben ya ɗaure su ya ajiye. Ya je yi wa Salomi godiya, hawaye ya hana shi ƙarasawa.

Yanzu tagogin gidan a buɗe suke yini. Najla na tsalle a tsakar gida tana dariya, dariyar Hafsatu sak. Duk lokacin da ya ji ta, sai ya ce Alhamdulillahi.

Darasin shi ne, kada kewar wanda ya tafi ta rufe mana ido daga wanda yake numfashi a gabanmu. Idan akwai mai asma a gida, a nisanta shi da hayaƙi komai daɗin ƙamshinsa, a bar iska ta shiga, a saurari ma'aikatan lafiya tun kafin a kai ga gadon asibiti.