Yadda Wilmer Ya Rasa Jaruminsa na Shekara Takwas

Wilmer Huamán ya fi kowa baki, amma gwanintarsa ta aro ce. Ni ke da shagon kwamfutoci a unguwarmu ta Comas, kujera goma sha biyu. Ban yi nisa a karatu ba, wasan ma ban iya ba. Ido kawai gare ni.

Su goma ne a ƙungiyarsu, duk manya masu sana'a. Kowace Lahadi da yamma sukan taru su yaƙi dodanni a wani wasan intanet. Wilmer ne mai warkar da su; in ya yi sake, duk sun mutu. Shekara takwas yana renon jaruminsa na cikin wasan. Sai dai ya cika allonsa da ƙananan manhajoji na waje, waɗanda ba kamfanin wasan ya yi su ba. Wata ta yi ƙara in wuta za ta zubo, wata ta nuna masa wanda zai warkar. Nasa danna maɓalli kawai.

Rannan kamfanin ya hana amfani da waɗannan manhajoji. Duk wanda aka kama da su, za a rufe asusunsa har abada.

Lahadin farko, wani dodo da suka saba kashewa ya share su sau goma sha ɗaya. Wilmer ya zura wa allo ido ya ce, "Kai! Ashe wutsiya gare shi?"

"Shekara biyu kana kashe shi, sai yau kuka gaisa," in ji Nélida. Tela ce a kasuwa, kuma jarumarta ce ke tsayawa gaba ta sha duka. Ta zaro littafin awon ɗinkinta. "Ku saurara. Duk mutuwar da muka yi, zan rubuta abin da ya yi kafin ya buge mu. Ni zan riƙa kira da baki. Ko sau ɗari za mu mutu, da idonmu za mu kashe shi."

"Haba yaya, ni na wuce zama ɗan aji ɗaya," in ji Wilmer.

"Ka wuce ina, makaho?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Mako huɗu suna mutuwa. Suka gane in ya ɗaga hannun hagu a yi dama, in ya sunkuya a watse. Wilmer kaɗai bai koyi komai ba, don ba ya dubawa. Ran Alhamis ya same ni ina shara.

"Kawu Ruperto, akwai wata sabuwar manhaja, ba a gano ta. Bari in sa a kwamfuta lamba bakwai."

"Ba a shagona ba."

"Kawu, kowa fa yana..."

"Na ce a'a."

Ran Lahadi ya zo da tasa kwamfutar a jaka. Da farko ba wanda ya faɗi. Yana dannawa yana fito, yana cewa, "Ku kalli aikin manya!" Saura kaɗan dodon ya mutu, sai jarumin Wilmer ya tsaya cak, ya ɓace. Ba mai warkarwa. Ɗaya bayan ɗaya suka zube.

"Intanet ne," in ji Wilmer.

"Intanet ɗina lafiyarsa ƙalau," na ce.

Nélida ta juyo da kwamfutarsa, ta karanta saƙon da ke allo cewa an kama shi da manhajar, an rufe asusunsa, ta mayar masa. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Fidencio, daga yau kai ne mai warkarwa. Mu koma."

Fidencio direban keke mai ƙafa uku ne, hannunsa da nauyi. Ya sha kashe su kafin ya iya. Wilmer ya rubuta wa kamfanin sau uku, amsa ɗaya ce: a'a. A mako na takwas dodon ya faɗi. Ihunsu har mai gashin nama a bakin titi ta leƙo. Wilmer na tsaye a ƙofa, ya gani da idonsa.

Da suka lafa, ya matso.

"Kawu, ba ni kujera."

Na ba shi ta ƙarshe. Ya buɗe sabon jarumi, mataki na ɗaya, da sanda a hannu, ya fara dukan ɓeraye. Nélida ko waiwayowa ba ta yi ba.

"In ka iso, akwai wuri," ta ce. "Bayan Fidencio."

Darasin a fili yake. Abin da na'ura ta iya maka, ba kai ka iya ba, kuma ranar da aka ɗauke ta za a gan ka yadda kake. Wanda ya daure ya koya, ko da faɗuwa ne, abin ya zama nasa. Wanda girman kai ya hana shi koyo har ya bi ta ɓoye, ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda suka dogara da shi.