Gizo da Marinar Kan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ƙoƙi matar Gizo tana da wani farin zanen saƙi, wanda uwarta ta kaɗa zarensa da hannunta kafin ta rasu. Shi ke nan abin da ta gada. Yana can ƙasan adudu, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaura shi ba.

Ran nan ƙanwarta ta haihu. Ƙoƙi ta fito da zanen, ta kamo zakara, ta ce, "Maigida, ungo ka kai mini wannan marina a turo shi baƙi wulik. Zakaran nan ladan marini ne. Ranar suna nake son in ɗaura, dangi su ga hannun inna."

Gizo ya ce, "An gama."

To, kun dai san Gizo da nama. Bai kai rabin hanya ba ya dubi zakara, zakara ya dube shi. Ya ratse gindin wata tsamiya, ya hura wuta, kafin ka ce kwabo sai ƙashi. Da ya side yatsu sai hankalinsa ya dawo jikinsa, ya tuna marini ba ya tsoma zane don Allah.

Yana nan zaune ya rafka tagumi, sai ga Hankaka ya sauko tsintar ƙashi. Gizo ya gaya masa damuwarsa.

Hankaka ya ce, "Ni dai a yawona na san wani dutse gabas da nan. A kansa akwai tafkuna, wani shuɗi, wani kore, wani rawaya. Ban taɓa ganin mai gadinsu ba."

Gizo ya yi tsalle ya ce, "Marina ba marini! Ashe wahalar banza mutane ke yi da jiƙa baba!"

Ya saɓa zane ya kama hawa. Ya hau, ya huta, ya hau, ya huta, ya sake hawa, har ya fara jin rugugin ruwa. Da ya ɓullo sai ya ga ruwa yana zubowa daga ƙwanƙolin dutse fari fat, yana faɗawa wani babban tafki. Daga nan ya malala cikin ƙananan tafkuna, wannan ƙarƙashin wannan, kamar an jera ƙorai a kan matakala, kowanne da launinsa.

A bakin na farko akwai wata tsohuwar Ƙaguwa tana shan hantsi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Me ke tafe da kai?"

Gizo ya ce, "Rini na zo yi, Iya."

Ta ce, "Ɗan nan, nan ba marina ba ce. Launin da kake gani na tafkin ne, ba ya bin kowa gida. Ɗebi ruwan a tafin hannunka ka gani."

Gizo ya ce a ransa, tsohuwar nan rowa take yi. Ya tsoma zane cikin shuɗin tafki, ya cuɗa, ya tsamo. Zane fari. Ya gangara ga kore, ya tsoma, ya cuɗa, ya tsamo. Zane fari. Ya gangara ga rawaya, ya tsoma, har da tattakawa da ƙafa, ya tsamo. Zane fari tas, ya ma fi dā haske don ya sha wanki.

Mai hankali da nan zai naɗe zanensa ya koma gida ya faɗi gaskiya. Amma Gizo ya ce, "Af, na gane! Ai rini sai da haƙuri. Ban bar shi ya jiƙu ba ne." Ya koma shuɗin tafki, ya shimfiɗa zane a ƙasan ruwa, ya danne kusurwa huɗu da duwatsu.

Ƙaguwa ta ce, "Kada ka bar shi ya kwana. Ruwan nan yana da wani gari kamar kanwa, duk abin da ya daɗe a ciki sai ya yi masa ɓawo. Dubi reshen can, bara itace ne."

Gizo ya ce, "Iya, ke da ko tafiya ba ki iya miƙewa, ke za ki koya mini sana'a?"

Ta ce, "Sauka lafiya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Da ya isa gida Ƙoƙi ta ce, "Ina zane?" Ya ce, "Yana cikin karofi yana shan baba." Bayan kwana biyu ta ce, "Ina zane?" Ya ce, "Yana kan igiya yana shan iska." Bayan kwana biyu kuma ta ce, "Ina zane?" Ya ce, "Yana wurin masu bugu, sai kin ga sheƙi."

Ana gobe suna Ƙoƙi ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi mu je tare in karɓo abina."

Gizo ya tashi. Ya shige gaba, tana biye, suka wuce hanyar marina, suka kama hawan dutse. Suka yi ta hawa har suka isa.

Gizo ya nuna mata cikin ruwa ya ce, "Ga shi can! Kin taɓa ganin rini irin wannan?"

Gaskiya kuwa, daga sama zanen ya yi shuɗi gwanin kyau. Ƙoƙi ta ce, "Tsamo mini."

Ya shiga ya ja, zane bai motsa ba. Ya sake ja, bai motsa ba. Ya tokare ƙafafunsa duka ya fizga da ƙarfi, sai ji kake ƙwas! Kusurwa ɗaya ta ɓalle a hannunsa kamar tsingaro. Ya ɗago ta sama, ga ta fara, ga ta da tauri. Sauran zanen kuwa ya riga ya manne da ƙasan tafki, ya zama dutse.

Ƙoƙi ta karɓi ɓallin nan ta juya shi. Ana iya ganin sawun zaren uwarta a jiki. Ta zauna a bakin ruwa ta yi kuka mai isarta, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ƙaguwa ta matso ta ba ta labarin yadda aka yi tun daga farko, Hankaka kuma daga kan reshe ya cika mata da na zakara.

Da ta share hawaye ta ce, "Maigida, da ka ce mini ka ci zakara, da na yi faɗa na huce, na ɗaura abina fari. Tuɓe rigarka."

Gizo ya tuɓe. Ita ke nan gare shi. Ƙoƙi ta farke ta, ta yi zane da ita, ta tafi suna. Kafin ta tafi ta ce masa, "Kai kuma ba ka da riga a gidan nan sai ranar da ka saƙa mini irin na inna."

Gizo ya shigo gari tsirara yana raɓe-raɓe, ya haye kusurwar ɗaki don kunya, ya kama saƙa. Kullum ya saƙa ya ce, "Ƙoƙi, duba wannan." Ita kuwa ta ɗaga kai ta ce, "Bai yi ba," ta sa tsintsiya ta share. Ku ɗaga kanku ku duba saman ɗakin nan, yana can har yanzu bai gama ba.

Don haka, jikokina, araha ba ta ado. In aka ba ku amana ku kai ta inda aka ce, in kuwa kun yi ɓarna ku faɗa tun tana ƙarama, kafin ta zama dutse.

Ƙungurus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya.